Daga rumbun gida zuwa ɗakin haya: yadda yanar gizo ta kwashe kayanmu zuwa girgije

Ranar Alhamis 14 ga Maris, 2024, azumi yana kwana huɗu, na tsaya da la'asar sakaliya a shagon da muka saba sayen kayan shayi a unguwarmu. Sukari da madara da dabino na ɗauka. Babu ko sisi a aljihuna, domin tun wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 na koma tiransifa. Na danna manhajar banki, ta yi ta juyi ta ƙi buɗewa. Mai shago ya jawo na'urar POS, ita ma ta yi gum. Mu shida ne a tsaye, kowa da waya a hannu, kowa da kuɗinsa a banki, amma an rasa mai iya biyan naira ɗari biyar.

"Malam, tun hantsi muke wannan fama," in ji shi. "Ɗauki kayanka, kada a sha ruwa kana nan. In netwok ya dawo ka turo." Ya buɗe littafin bashi ya rubuta sunana da biro.

Sai da dare labari ya fito. Manyan igiyoyin intanet huɗu da ke kwance a ƙarƙashin teku, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, sun katse kusan lokaci guda a yankin gaɓar Kwaddibuwa. Daga Laberiya har Afirka ta Kudu an ji a jika.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan: reshen bankina bai fi tafiyar minti goma a babur ba, shagon kuwa ga shi nan a bakin layinmu. To me ya kai cinikin sukari tsakiyar teku? Wanda duk ya bi sawun wannan tambaya zai tarar da tarihin yanar gizo sukutum. A cikin shekara talatin da 'yan kai mun tashi daga ajiye kayanmu a ɗakinmu, mun koma ba da ajiya a ɗakin wasu, wato abin da ake kira girgije, kuma yawancinmu ba mu san ranar da aka yi ƙaurar ba.

Kafin a yi nisa, gara a raba abubuwa biyu da bakinmu ya haɗe. Intanet ita ce hanyar, wato wayoyi da na'urori da ƙa'idojin da ke sa kwamfuta ta yi magana da 'yar'uwarta. Tushenta wani shiri ne na ma'aikatar tsaron Amurka mai suna ARPANET. Ranar 29 ga Oktoba, 1969, aka aika saƙon farko daga jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles zuwa cibiyar bincike ta Stanford, kuma haruffa biyu kacal suka isa kafin na'urar ta tsaya. A ranar 1 ga Janairu, 1983, aka koma kan ƙa'idar TCP/IP ta Vint Cerf da Bob Kahn, wadda har gobe ita ce harshen da na'urorin duniya ke gaisawa da shi. Yanar gizo kuwa daga baya ta zo. Kasuwa ce da aka kafa a bakin wannan hanya, ba ita ce hanyar ba, kamar yadda imel ma ya riga ta da kusan shekara ashirin.

Akwai wani abu da ya girmi duka biyun, kuma shi ne bakin zaren maganata. A 1961, wani malamin kimiyyar kwamfuta, John McCarthy, ya faɗa a jami'ar MIT cewa wata rana za a riƙa raba aikin kwamfuta kamar yadda ake raba layin tarho, kowa ya biya gwargwadon abin da ya sha. A lokacin kwamfuta ɗaya tana cika ɗaki, sai gwamnati ko jami'a ko babban kamfani ke iya mallakarta. Ma'aikata kan zauna gaban allo da madannai marasa ƙwaƙwalwar kansu, duk suna jone da uwar na'ura ɗaya, ana karɓa-karɓa. Sai ƙananan kwamfutoci suka fito, Apple II a 1977, ta kamfanin IBM a 1981, kowa ya sami tasa a kan tebur. Manhaja a faifai ake sayenta, a loda ta, ta zama taka. Takardunka suna cikin na'urarka. In ta mutu sun mutu, in tana raye babu wanda za ka nemi izininsa. Wannan shi ne zamanin mallaka, kuma bai daɗe ba kamar yadda ake zato.

A watan Maris na 1989, wani Bature ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, da ke aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN kusa da Janiba, ya rubuta wa shugabansa shawara. Damuwarsa ƙarama ce: masana na zuwa daga ƙasashe daban-daban, kowa da irin kwamfutarsa, in mutum ya koma gida sai a rasa inda ya bar bayanansa. Ya ƙirƙiro abubuwa uku da suka warware matsalar. Kowane shafi ya sami adireshi nasa, shi ne URL. Aka sami salon rubuta shafi guda ɗaya da kowace na'ura za ta gane, shi ne HTML. Aka kuma sami ƙa'idar roƙo da amsa, HTTP, wadda burauzarka, wato manhajar da kake buɗe shafuka da ita, ke bi ta ce wa wata kwamfuta mai nisa "ba ni shafi kaza", ita kuma ta miƙo. Kwamfutar da ke miƙowa ita ake kira saba. Zuwa ƙarshen 1990 shafin farko ya tashi a kan wata kwamfuta ƙirar NeXT da ke ofishinsa, har ya manna mata takarda da rubutun hannu yana gargaɗin kada kowa ya kashe ta. A wancan lokaci yatsa ɗaya ya isa ya kashe yanar gizon duniya baki ɗaya.

Ranar da ta fi muhimmanci a ganina ita ce 30 ga Afrilu, 1993, lokacin da CERN ta sanar cewa ta saki wannan fasaha kyauta, babu lasisi babu kuɗin fito. Akwai wani tsari mai suna Gopher na jami'ar Minnesota da a lokacin yake gaba wajen farin jini. A farkon wannan shekarar masu shi suka ce za su fara cajin 'yan kasuwa, jama'a suka watse suka bar shi. Da CERN ta bi wannan sawu, da ƙila yau labarin wani abu daban muke yi. Ya kamata a riƙa tuna cewa kasuwar da ta haifi attajiran duniya na yau a kan filin da aka bayar sadaka aka gina ta.

Daga nan abu ya yi ta gudu. Burauzar Mosaic ta fito a 1993 tana nuna hoto tare da rubutu, Netscape ta biyo baya a 1994. Amazon ya fara sayar da littattafai a 1995, Google ya kafu a 1998. Masu zuba jari suka yi ta antaya kuɗi a duk kamfanin da ya ce yana da shafi, har kumfar ta fashe a watan Maris na 2000, kamfanoni da dama suka rushe. Amma wayoyin gilashi da aka binne a lokacin rububin suna nan a ƙasa, kuma sun yi araha, waɗanda suka tsira suka ci gajiyarsu.

Sai dai in ana neman inda talaka ya fara ba da ajiya, a duba Hotmail. Sabeer Bhatia da Jack Smith suka buɗe shi a watan Yuli na 1996, Microsoft ya saye shi a ƙarshen 1997 a kan kimanin dala miliyan 400. Kafin shi, wasiƙarka tana sauka ne a kwamfutarka ta ofis ko ta gida. Da shi kuwa, wasiƙar tana zaune a sabar kamfanin, kai dai ka riƙe suna da kalmar sirri, duk inda ka sami burauza ka buɗe. A nan ne labarin ya shafe mu kai tsaye. Na tuna shekarun farko bayan shigowar wayar salula Najeriya a 2001, lokacin da kafe-kafen intanet suka cika gari. Za ka sayi tikitin awa ɗaya, a ba ka 'yar takarda mai lamba, ka zauna a kujerar roba gaban wata tsohuwar kwamfuta, janareto na ruri a waje. Shafi ɗaya kan ɗauki minti biyu yana saukowa daga sama kamar ana sauke labule, agogon da ke gefen allo kuma yana cin kuɗinka. Masu neman sauƙi su kwana a can, domin da dare ya fi sauri kuma ya fi araha. Yaron kafe shi ke buɗe wa mutane adireshin imel, wani lokaci ma shi ke riƙe musu kalmar sirri a littafi. Babu ko ɗaya daga cikinmu da ke da kwamfutar kansa. Kujerar haya ce, kwamfutar haya ce, akwatin wasiƙar kuma yana Amurka.

Wannan ya sa nake cewa mu ba mu zauna a zamanin mallaka ba sai 'yan tsiraru. Turawa sun shekara ashirin da kwamfuta a gida kafin su fara ƙaura zuwa girgije, suna da abin kwatantawa. Mu ta ƙofar haya muka shigo tun ranar farko, shi ya sa ba ma jin abin a matsayin sauyi, balle mu tambayi sharuɗɗansa.

Shekarun 2000 suka juya alƙiblar shafukan. Da mai shafi ke rubutu, jama'a su karanta. Sai aka koma jama'a ke rubutawa, mai shafi ya tanadi fili kawai. Wikipedia ta zo a 2001, Facebook a 2004, YouTube a 2005, wanda Google ya saya a shekarar da ta biyo a kan dala biliyan 1.65. Wannan zango shi aka laƙaba wa Web 2.0. Ranar 1 ga Afrilu, 2004, Gmail ya fito da gigabait ɗaya kyauta, alhali Hotmail megabait biyu yake bayarwa, Yahoo kuma huɗu. Mutum ya daina goge wasiƙa don samun wuri. Burauza kuma ta koyi sabunta ɓangaren shafi ba tare da sake loda shi duka ba, shi ya sa taswirar Google da ta fito a 2005 ake jan ta da linzamin kwamfuta tana bi, kuma aka fara rubuta takarda da lissafi a cikin burauza kamar manhajar tana cikin na'urarka. Kuma ba kyauta ba ce, ko da ba a karɓi naira a hannunka ba. Abin da kake nema, wanda kake magana da shi, inda ka kwana, duk ana tarawa a sayar wa masu talla damar isa gare ka. Ruwa ba ya tsami banza.

Babban juyin dai a 2006 ya faru, kuma daga inda ba a zata ba, wato kantin sayar da littattafai. Don a gane shi, a ɗauki misalin biki. Babu mai hankalin da zai sayi kujeru ɗari uku da rumfuna goma don zai aurar da 'yarsa, ya yi amfani da su kwana biyu sannan su cika masa tsakar gida har shekara ta zagayo. Wajen masu haya ake zuwa. To kafin 2006, duk mai son buɗe sana'a a intanet sai ya sayi kujerunsa. Zai yi odar sabobi, ya jira makonni, ya nemi ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa, ya ɗauki ma'aikacin da zai kwana da su. Kuma dole ya saya daidai da ranar da jama'a suka fi yawa. In ya yi ƙwauro, ranar cunkoso shafin ya faɗi; duk wanda ya taɓa neman sakamakon jarabawa ranar da aka sake shi ya san wannan ciwo. In ya yi yawa, kuɗinsa ya kwanta.

Amazon ya sha wannan wahala a kan kansa har ya gwanance, sai ya mayar da gwanintar haja. A watan Maris na 2006 ya buɗe S3, rumbun ajiya na haya, santi 15 na dala a kan kowane gigabait a wata. A watan Agusta ya buɗe EC2, inda za ka yi hayar kwamfuta a kan santi 10 a awa, ka kunna ɗari yau, gobe ka mayar da casa'in da tara. Abin da ya sa hakan ta yiwu wata dabara ce da IBM ya fara tun shekarun 1960, kamfanin VMware da manhajar Xen ta jami'ar Kambirij suka farfaɗo da ita: a raba ƙatuwar kwamfuta ɗaya ta zama kamar ƙanana da yawa, kowace da makullinta, kamar gidan haya mai ɗakuna ashirin, ɗan haya bai ganin abin da ke ɗakin maƙwabcinsa. Ba kowa ya san cewa a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu aka gina EC2 ba, a hannun wata ƙaramar tawaga da Chris Pinkham ya jagoranta. Amma sai a 2020 kamfanin ya buɗe babbar cibiyar sabobinsa ta farko a nahiyar, a wannan birni. Shekara goma sha huɗu ke nan tsakanin dafa abinci da samun kwano.

Google ya shigo a 2008, Microsoft da Azure a 2010. Yau waɗannan ukun ke riƙe da kusan kashi biyu cikin uku na wannan kasuwa a duniya. Hayar ma hawa-hawa ce. Wani ɗaki fanko yake kamawa ya zuba kayansa yadda ya ga dama. Wani da murhu da tukwane ake ba shi, nasa kawai girki. Mafi yawanmu kuwa dafaffe muke saya: Gmail, WhatsApp, Zoom, manhajar lissafin shago. Wannan duka shi Turawa suka sa wa sunan da ke nufin girgije, saboda injiniyoyi sun saba zana hoton girgije a takarda a madadin duk abin da ke can wajen ofishinsu. Sunan ya yi daɗin faɗa, amma yana rufe ido. Babu komai a sama. Gine-gine ne manya marasa tagogi, cike da kantoci na kwamfuta da injinan sanyaya ɗaki, da masu gadi a ƙofa. Wurin da suka fi taruwa a duniya shi ne arewacin jihar Bajiniya ta Amurka. Suna da adireshi, suna da mai su, suna ƙarƙashin dokar wata ƙasa.

Ba zan yi butulci ba, alherin wannan tsari a fili yake. Kamfanin finafinai na Netflix ya yanke shawarar ƙaura ne bayan da rumbun bayanansa ya lalace a 2008 har ya kwana uku bai iya aika wa jama'a faifai ba, ya kammala komawa kan Amazon a farkon 2016. Abin da ya fi burge ni shi ne kwamfutar da Netflix ke haya ita ce yaron da ya gama digiri a Zariya ko Damagaram zai iya haya da dala biyar, ba tare da ya san kowa ba. Da can jarin farawa kaɗai ya isa ya kashe tunanin. Haka nan ranar da wayar wata ƙanwata mai ɗinki ta faɗa cikin bokitin wanki, ta zo hankali a tashe. "Yaya, duk awon kwastomomina da hotunan ɗinkunan sallah suna ciki," ta ce, hawaye na zuba. Muka sami wata wayar, ta tuna kalmar sirrinta da ƙyar, muka zauna muna kallo lambobi da hotuna suna dawowa ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ma san ta ba da ajiya ba. Da a ƙwaƙwalwar wayar kaɗai suke, da sun bi ruwa.

Wayar hannu ce ta kammala zagayen. Tun fitowar iPhone a 2007 da Android a 2008, abin da ke aljihunmu ya zama jikan wancan allo da madannai na shekarun 1960. Yana da ƙarfi ƙwarai, amma ka kashe data ka ga abin da zai rage. Saƙon murya da tsohuwa ke aika wa ɗanta a Kumasi ko Jidda ba tare da ta iya boko ba, kiran bidiyo, tiransifa, taswira, duk aikin a wata na'ura mai nisa ake yin sa. Maganar McCarthy ta tabbata, kwamfuta ta zama kamar wutar lantarki. Mu kuwa mun fi kowa sanin abin da ake nufi da dogaro da wutar da makunninta ke hannun wani. Gida nawa ne ba su da janareto ko sola ko fitilar caji? A harkar wuta mun koyi tanadi. A harkar bayanai har yanzu ba mu fara ba.

Ranar 4 ga Oktoba, 2021, kuskuren saiti a cikin kamfani ɗaya ya kashe Facebook da WhatsApp da Instagram kimanin awa shida. A wasu ƙasashe hira ce ta tsaya. A nan kasuwa ce ta tsaya, domin matan da ke sayar da atamfa da turaren wuta da kayan kicin daga cikin gidajensu ba su da wani shago sai sitatus. A watan Fabrairu na 2017, wani injiniyan Amazon ya yi kuskuren buga umarni ɗaya, shafuka masu ɗimbin yawa suka durƙushe na tsawon awanni. Intanet an tsara ta ne a warwatse don kada faɗuwar wuri ɗaya ta kayar da saura, sai ga shi neman araha da sauƙi ya sake tara ƙwai a kwando uku.

Ga kuma dala. Mai haya a girgije da dala ake yi masa lissafi, shi kuwa da naira yake ciniki. Da aka saki naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Ƙaramin kamfanin da bai ƙara ko kwastoma ɗaya ba ya wayi gari kuɗin hayarsa ya ninka uku. Kuma tashi ba sauƙi: shigar da bayanai kyauta ne, fitar da su kuwa an daɗe ana cajin mutum, in kuwa ka gina manhajarka da kayan aikin mai gida, ba za ta zauna daidai a gidan wani ba sai an sake mata fasali. Sannan ga doka. A 2018 Amurka ta yi dokar da ta ba hukumominta damar neman bayanai daga kamfanoninta ko da a wata ƙasa suke ajiye. Gwamnatinmu ma ta nuna nata ikon lokacin da ta toshe Twitter daga Yuni na 2021 zuwa Janairu na 2022. Mai ajiya yana tsakiya, ba a shawarce shi a ko ɗaya ba.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne mantuwa. A farkon shekarun 2000, marubuta da manazarta da masu sharhin finafinan Hausa sun yi muhawarori masu zafi a majalisun Yahoo, wato zaurukan tattaunawa ta imel, wasiƙu dubbai da suka ƙunshi tarihin adabinmu na wannan zamani daga bakin waɗanda suka yi shi. A ƙarshen 2019 kamfanin ya goge rumbun saƙonnin majalisun, a Disamba na 2020 ya rufe su gaba ɗaya. Wanda bai kwafi nasa ba ya rasa. Haka aka yi wa GeoCities, dandalin da jama'a ke buɗe shafukansu, a 2009. Haka dandalin sada zumunta na MySpace ya sanar a 2019 cewa waƙoƙin da jama'a suka ɗora cikin shekara goma sha biyu sun salwanta wajen sauya saba. Yanzu a duba inda rubutun Hausa ya fi yawa a yau. Littattafan da mata ke rubutawa babi-babi suna yawo a guruf-guruf na WhatsApp da Facebook da Wattpad. Tafsirai da wa'azozi da waƙoƙi suna YouTube. Ra'ayoyin da a da za a buga a jarida suna kan bangon mutum. Ban taɓa ganin lokacin da aka yi rubutu da Hausa da yawa kamar yanzu ba, kuma kusan duka a ɗakin haya yake. Kundin da malami ya rubuta da tawada da alƙalamin kara shekara ɗari biyu da suka wuce yana nan a gafaka a gidajen zuri'arsa, wasu suna Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, ana buɗewa ana karantawa. Wa zai iya rantsuwa cewa abin da muka rubuta bara jikokinmu za su same shi? Kamfanin ba mugu ba ne don ya rufe abin da ba ya kawo masa riba. Mu ne muka ɗauki kasuwa a matsayin ɗakin karatu.

Zango na baya-bayan nan ya ƙara zurfafa hayar. Tun fitowar ChatGPT a ranar 30 ga Nuwamba, 2022, ba ajiya da lissafi kaɗai ake haya ba, har da rubutu da fassara da amsa tambaya. Irin waɗannan manhajoji na ƙirƙirarriyar basira, manyansu ba sa shiga waya. A kan dubban na'urori masu tsada suke gudana, masu zuƙar wuta kamar rani na zuƙar tafki. Hukumar makamashi ta duniya ta ƙiyasta cewa cibiyoyin adana bayanai sun sha kusan kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na wutar duniya a 2024. Babbar cibiya guda kan buƙaci megawat 100 ko fiye, alhali abin da layin wutar Najeriya ke rabawa ga mutum sama da miliyan 200 yakan tsaya tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000. Duk wanda ya ce mu gina namu girgijen, da gaskiyarsa, amma sai ya fara da maganar wuta.

Ba a zauna haka nan ba. Tun 2006 aka kafa mahaɗar intanet ta Najeriya, IXPN, don saƙon da ya tashi daga Kano zuwa Legas ya daina zagayawa ta Landan. Igiyar MainOne da Funke Opeke ta jagoranta ta iso a 2010 tare da Glo-1, suka karya kakagidan SAT-3, farashi ya sauko. Equiano ta Google ta sauka Legas a 2022. An gina cibiyoyin adana bayanai na 'yan kasuwa a Legas, hukumar gwamnatin tarayya ta Galaxy Backbone ta buɗe tata a Kano a farkon 2023, kuma a watan Yuni na 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a. Sai dai har yanzu kusan dukkan igiyoyin a bakin teku ɗaya suke sauka, daga nan sai wayar gilashi ta yi tafiyar kilomita dubu zuwa Arewa, tana ratsa hanyoyin da masu gyaran titi da ɓarayin waya ke tsinke ta kullum. Nijar da Chadi kuwa ba su da teku, ta ƙasar maƙwabta suke shan nasu.

Ni ba na cikin masu cewa a dawo da komai gida. Asibitin karkara ko makarantar sakandare ba za su iya kula da saba fiye da Google ba, kuma kwamfutar da ke ƙarƙashin teburin sakatare ta fi saurin cin ƙura da ƙwayar cuta. Hausawa ma ba baƙin ba da ajiya ba ne. Fataken goro da dillalan shanu sun yi ƙarnoni suna sauka a gidan fatoma a Salaga da Ibadan, su bar masa kaya da kuɗi su tafi. Amma falke ya san sunan fatomansa, ya san gidansa, ya san wanda zai kai wa ƙara in amana ta ci, kuma ba ya zuba dukan dukiyarsa a ɗaki ɗaya. Abin da nake so banki da hukumar jarabawa da jami'a su iya amsawa ke nan in an tambaye su: ina bayananmu suke, kwafi nawa ne, kuma in teku ta yanke mu na sati guda, me zai ci gaba da aiki a cikin gida? Jami'o'inmu masu sashen Hausa kuma su ɗauki tattara rubutun da ke yawo a intanet a matsayin aikinsu, kamar yadda magabatansu suka bi ƙauyuka da rikoda suna naɗar waƙoƙin baka. Marubuciyar da ta gama littafi a waya ta tura wa kanta kwafi, ta sa wani a filashi, in da hali ta buga a takarda.

Kwana biyu bayan waccan Alhamis tiransifata ta tafi, domin kamfanonin sadarwa sun karkatar da zirga-zirga zuwa igiyoyin da suka tsira. Gyaran kansa kuwa makonni ya ɗauka. Ba a gyara igiyar teku daga ofis. Sai jirgin ruwa ya je wurin, ya jefa ƙugiya zurfin kilomitoci ya lalubo bakin da ya tsinke, a jawo shi sama, masu gyara su haɗa zaren gilashi mai kaurin gashin kai ɗaya bayan ɗaya, a gwada, a mayar. Jiragen da ke wannan aiki a duniya ba su da yawa. Wanda aka fi dogaro da shi a gaɓar Afirka, Léon Thévenin na wani kamfanin Faransa, a Cape Town yake zaune, kuma a 1983 aka ƙera shi. Sai da aka loda masa kaya, ya yi kwanaki yana keta teku zuwa Abidjan, bankuna da jami'o'i da masu POS na ƙasashe fiye da goma suna lallaɓawa da abin da ya rage.